Kafin Wuƙa: Abin da Kyamara Ta Gano a Gonakin Dabbobi

Fim ɗin ya buɗe ne da naƙuda. Wata saniya mai baƙi da fari, sunanta Luma, tana cikin rumfar wata gonar madara a yankin Kent na ƙasar Ingila, ma'aikata sun ɗaura igiya a ƙafafun maraƙin suna ja. Da ya faɗo, sai ta juya ta shiga lasar sa, tana tura shi da hanci har ya miƙe. Ba a jima ba aka raba su, aka kora ta ɗakin tatsa mabiyiya tana reto a bayanta. Daga baya ta tsaya ta dubi kyamara ido cikin ido, ta yi kuka, ta sake yi, ta sake yi. Babu mai sharhi da zai gaya wa ɗan kallo abin da kukan yake nufi. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da garke ya san shi.

Sunan fim ɗin Cow, wato Saniya. Andrea Arnold, 'yar Birtaniya, ta yi kimanin shekara huɗu ana bin Luma da kyamara, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2021. Ma'aikatan gonar ba mugaye ba ne. Suna shafa ta, suna yi mata magana da murya mai laushi, likitan dabbobi yana zuwa duba ta, kuma duk abin da aka yi mata doka ta yarda da shi. Wannan ne ya sa fim ɗin yake da nauyi a zuciya, domin rayuwar yau da kullum ce ta saniyar da ake shan madararta: a yi mata barbara, ta haihu, a ɗauke ɗan, a tatse ta, a sake komawa farko. Da hantsarta ta kumbura, ƙafafunta suka gaza ɗaukar ta, wata rana aka ajiye mata bokitin abinci, tana cikin ci wani mutum ya zo ya harbe ta a ka.

Cow ɗaya ne daga cikin jerin fina-finan gaskiya, irin waɗanda babu 'yan wasa a cikinsu kuma babu ƙagaggen labari, da suka shafe sama da shekara 70 suna kai kyamara inda mai cin nama ba ya zuwa. Masu yin su sun bambanta a aƙida da salo, amma tambayarsu guda ce: dabbar da muka mallaka, muka ci moriyar namanta da nononta da ƙwanta, wane haƙƙi take da shi a kanmu tun daga ranar da aka haife ta har zuwa ranar yanka?

Yadda dabba ta ɓace daga idon mai cin ta

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin kiwo a Turai da Amurka bai yi nisa da wanda muka sani ba. Kaji na tono a bayan gida, shanu na makiyaya. Bayan yaƙin ne al'amura suka sauya. Hatsi ya yi araha, aka samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da sinadaran bitamin da za su bar dabba ta rayu a cunkushe ba tare da ganin rana ba, aka kuma ƙware wajen zaɓen iri mai saurin girma. Sai aka kwashe dabbobi daga fili aka zuba su cikin dogayen rumfuna, dubu-dubu a wuri guda, can nesa da birane. Nama ya yi arha, talaka ya samu damar cin abin da a da sai ranar biki. Wannan riba ce ta gaske. Amma akwai wanda ya biya kuɗinta.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana yanka dabbobin tudu sama da biliyan 80 a kowace shekara, fiye da biliyan 70 daga cikinsu kaji ne. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun taɓa kiwata irin kajin 1957 da irin na 2005 gefe da gefe, da abinci iri ɗaya. Bayan kwana 56, ta 1957 ba ta kai kilo 1 ba, ta 2005 kuwa ta haura kilo 4. Tsoka tana girma da saurin da ƙashi da zuciya ba za su iya bi ba, shi ya sa kaza takan yi taku biyu ko uku ta zube. Akan yanka ta tana da kimanin mako shida.

Kazar ƙwai kuma keji ne gidanta, kuma a tsohon tsarin kejin waya rabon kowace kaza bai kai faɗin farar takardar ofis guda ba. Ba ta buɗe fiffike, ba ta birgima a ƙura, ba ta samun lungun da za ta yi ƙwai. 'Yan tsakin da suka fito maza daga wannan iri ba sa ƙwai, ba sa kuma yin naman da zai biya abincinsu, don haka ranar da aka ƙyanƙyashe su ake kashe su, biliyoyi a shekara, ko da injin niƙa ko da iskar gas.

Wadda ta fara buɗe wa Turawa ido a kan wannan tsari ita ce Ruth Harrison, da littafinta Animal Machines na 1964, wanda ya nuna an mayar da dabba tamkar inji. Hayaniyar da ya tayar ta sa gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Roger Brambell, ya ba da rahoto a 1965. Daga nan aka samo ƙa'idoji biyar da likitocin dabbobi a duniya ke koyarwa har yau: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishi, kada a ajiye ta a wurin takura, a kare ta daga ciwo da rauni da cuta, a kare ta daga tsoro da firgici, a kuma bar ta ta yi ɗabi'ar da aka halicce ta da ita. A 1975 masanin falsafa Peter Singer ya fitar da Animal Liberation, inda ya kafa hujjar cewa zafin ciwo abin lissafi ne ko a jikin wa yake.

Sai dai mutum yana iya karanta biliyan 80 ya ci gaba da cin abincinsa, domin adadi ba ya da fuska. Gani ya kori ji, kuma a nan ne masu kyamara suka shigo.

Daga mayankar Paris zuwa kyamarar ɓoye

A 1949 Bafaranshe Georges Franju ya yi wani gajeren fim mai suna Le Sang des bêtes, wato Jinin Dabbobi. Ya fara da unguwannin gefen Paris, yara na wasa, 'yan gwanjo sun baza kaya, sannan ya tsallaka ƙofar mayanka. Aka jawo wani farin doki, aka ɗora masa bindiga a goshi, ya durƙushe nan take. Franju bai zagi mahauta ba, ya nuna su a matsayin ma'aikata masu gwaninta. Abin da ya yi shi ne haɗa birnin da mayankarsa a fim ɗaya, domin mutanen birnin sun daɗe suna yi kamar ba su san da ita ba.

Frederick Wiseman ya bi wannan sawu a Amurka da fim ɗin Meat a 1976, inda ya bi shanu da tumaki daga wurin turka har cikin kwali a wani katafaren kamfanin nama a jihar Colorado. A 2005 Nikolaus Geyrhalter na Ostiriya ya fitar da Our Daily Bread, wato Abincinmu na Kullum, babu sharhi, babu hira da kowa. Ana ganin 'yan tsaki masu ruwan ƙwai suna kwarara a kan bel ɗin inji, suna faɗawa cikin kwanduna. Sai kuma a ga ma'aikaciya ita kaɗai a ɗakin hutu tana cin burodinta shiru. Ɗan kallo yakan fito da tausayin su biyun.

Akwai kuma wani reshe na waɗannan fina-finai wanda bai yarda da yin shiru ba. The Animals Film na 1981 ya share hanya, sannan Earthlings na Shaun Monson ya fito a 2005 da muryar jarumi Joaquin Phoenix, yawancinsa hotunan da aka ɗauka a ɓoye. A 2018 ɗan Ostareliya Chris Delforce ya fitar da Dominion, wanda ya haɗa da ɓoyayyun kyamarori da ƙananan jirage marasa matuƙa. A ciki ana ganin aladu cikin keji ana saukar da su ramin iskar gas, suna ihu suna dukan ƙarfe kafin su suma. An saka fim ɗin kyauta a intanet, kuma masu shi ba su ɓoye manufarsu ba: suna so a daina cin nama da madara da ƙwai baki ɗaya.

Food, Inc. na Robert Kenner, wanda ya fito a 2008, ya dubi lamarin ta fuskar manomi. A cikinsa wata mai kiwon kaji a jihar Maryland, Carole Morison, ta buɗe wa kyamara rumfarta lokacin da sauran manoma suka ji tsoro. Aka gan ta tana ratsa kajin cikin ƙura tana tsince matattu. Ta ƙi yarda ta mayar da rumfunanta marasa taga kamar yadda kamfanin da take yi wa kiwo ya nema, kwangilarta ta ƙare. Fim ɗin ya nuna cewa manomin ma a ɗaure yake da bashi, kamfani ne ke da kajin, shi ke da abincin, shi ke yanke farashi.

Lokacin da hoto ya motsa gwamnati

Waɗannan hotuna ba a zauren kallo kaɗai suka tsaya ba. A ƙarshen 2007 wani mai bincike na ƙungiyar Humane Society ta Amurka ya ɗauki aiki a mayankar Hallmark/Westland a garin Chino na jihar Kalifoniya, da kyamara a ɓoye. Ya ɗauko shanun da suka kasa tashi ana tura su da motar ɗaga kaya, ana zungurar su da sandar lantarki, ana fesa musu ruwa a hanci don su miƙe su wuce gaban mai duba lafiya. Da bidiyon ya fito a farkon 2008, aka janye nama kimanin kilo miliyan 65 daga kasuwa, janyewar naman shanu mafi girma a tarihin ƙasar. Wani kaso na naman abincin 'yan makaranta ne.

A ranar 30 ga Mayu, 2011, shirin Four Corners na gidan talabijin ɗin ABC a Ostareliya ya nuna rahoto mai suna A Bloody Business, da hotunan da Lyn White ta ƙungiyar Animals Australia ta ɗauko a wasu mayankun Indonesiya. Shanun Ostareliya ne da aka kai da rai a jirgin ruwa. Aka ga ana yi musu bulala, ana karya musu wutsiya, ana tsokale musu ido, ana yanka wuya ɗaya sau da yawa, wani sa kuma yana tsaye yana rawar jiki yana kallon ana feɗe 'yan'uwansa. Cikin kwanaki gwamnati ta dakatar da fitar da shanu zuwa Indonesiya na kimanin wata guda, sannan ta kafa tsarin bin diddigin kowace dabba har inda za a yanka ta. Makiyayan arewacin Ostareliya sun yi asara mai yawa, suka kai ƙara, kuma a 2020 kotun tarayya ta ce dakatarwar ba ta bi ƙa'ida ba. Hoto yana iya tayar da gwamnati cikin dare ɗaya, amma gyara mai ɗorewa sai da natsuwa.

A 2018 aka sake ganin wani bidiyon, wanda Fazal Ullah, wani matashi ɗan Pakistan da ke aiki a jirgin ruwan Awassi Express, ya ɗauka da wayarsa. Tumaki kimanin 2,400 ne suka mutu saboda zafi a tafiya ɗaya zuwa Gabas ta Tsakiya a 2017. A 2024 majalisar Ostareliya ta yi dokar da za ta kawo ƙarshen fitar da tumaki masu rai ta teku daga ranar 1 ga Mayu, 2028. A Ingila, bayan shekaru ana fitar da hotunan ɓoye, an wajabta sanya kyamarorin tsaro a dukkan mayanku a 2018. Tarayyar Turai ta hana tsohon kejin waya tun 2012, Jamus kuma ta hana kashe 'yan tsaki maza daga 2022.

Masu masana'antar ba su zauna ba. Jihohin Amurka irin su Utah a 2012, da Idaho a 2014, sun yi dokokin da suka mayar da ɗaukar hoto a ɓoye cikin gona laifi. Kotunan tarayya sun soke ta Idaho a 2015 da ta Utah a 2017 bisa hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki. A Ostareliya 'yan sanda sun kai samame gidan Delforce a 2015. Manoma suna da hujjarsu: masu kutse suna iya shigo da cuta cikin garke, suna kuma firgita iyalai da ke zaune a gonakin. Amma dokar da ta fi tsananta wa mai ɗaukar hoto fiye da mai dukan dabba ta nuna abin da ake tsoro.

Fuskar dabba ɗaya

Fina-finan jini suna da matsala guda: mutane da yawa sukan kashe su bayan minti goma, wasu kuma zuciyarsu takan bushe. Wataƙila wannan ne ya sa sababbin masu fim suka sauya hanya. A 2020 Viktor Kossakovsky, ɗan Rasha, ya fitar da Gunda, fim baƙi da fari, babu kiɗa, babu magana, babu ɗigon jini. Ya ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, daidai tsayin idon wata uwar aladu a wata gona a Norway. Ana ganin 'ya'yanta suna kokawar nono, suna leƙo kai daga ƙofar rumfa suna ɗanɗana ruwan sama a karon farko. Ana ganin wata kaza mai ƙafa ɗaya tana ɗingishi cikin ciyawa, da shanu biyu da suka tsaya kai da wutsiya kowace tana kore wa 'yar'uwarta ƙuda.

A ƙarshen fim ɗin tarakta ta zo da akwati, aka ji kukan 'ya'yan, ta tafi da su. Kyamara ta zauna da uwar na tsawon mintuna ba a yanke ba. Ta shiga rumfa, ta fito, ta zagaya fili tana shinshina ƙasa, nonuwanta cike, ta tsaya tana kira. Alade dabba ce da yawancin masu karanta wannan rahoto ba sa ci, ba sa kuma so su kusanta. Duk da haka, da wuya mai imani ya kalli wannan wuri bai gane abin da yake gani ba.

Kimiyya ma ta iso inda ido ya riga ya kai. A 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa suka sanya hannu a wata sanarwa a Jami'ar Cambridge cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke samar da ji da sani. Bincike ya nuna tumaki suna gane fuskokin 'yan'uwansu da dama, suna kuma tuna su bayan dogon lokaci. Yarjejeniyar Lisbon ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2009, ta amince a rubuce cewa dabbobi halittu ne masu ji.

Inda fina-finan suka gaza

Adalci ya wajabta a faɗi rauninsu. Mai fim yana zaɓen abin da zai nuna, kuma idan ya yi watanni yana ɗauka, mafi muni zai fitar. Akwai kuma tambaya mai nauyi a kan mai binciken da ke tsaye da kyamara makonni yana kallon ana azabtar da dabba don ya tara hujja. Earthlings ya kwatanta mayanka da sansanonin kisan ƙare dangi na 'yan Nazi, abin da ya ɓata ran mutane da yawa, ya kuma kore su daga sauraron sauran hujjar.

Sau da yawa kuma hukunci yana sauka ne a kan na ƙasa. A shari'ar Chino, ma'aikatan fili biyu ne aka gurfanar da laifin cin zalin dabba. Lebura mai ƙaramin albashi, wanda galibi ɗan ci-rani ne, shi fuskarsa ke fitowa a bidiyo, alhali ba shi ya tsara saurin layin yanka ba. A Turai ma an yi amfani da irin waɗannan hotuna wajen taƙaita yankan Musulmi da na Yahudawa. Yankuna biyu na Beljiyam sun hana yanka ba tare da sumar da dabba ba a 2019, kotun Tarayyar Turai ta goyi bayansu a 2020, alhali ramin gas ɗin aladu yana nan bisa doka. Malaman Musulunci sun yi saɓani a kan sumarwar da ba ta kashe dabba kafin wuƙa, wasu sun halatta, wasu sun hana, kuma muhawara ce da ta cancanci a yi ta da ilimi, ba da ƙiyayya ba.

Babban raunin shi ne matsayar da wasu fina-finan ke kaiwa, cewa duk kiwo zalunci ne. Wannan magana an gina ta ne a kan masana'antun ƙasashe masu arziki. Ba ta san da makiyayin Sahel ba, wanda ƙasarsa ba ta noma sai ciyawa, wanda nonon saniyarsa ne ke raya 'ya'yansa. Mutane sama da biliyan 1 a duniya suna dogaro da dabbobi wajen rayuwa. Akwai kuma hanya ta tsakiya da ta yi aiki a zahiri. Farfesa Temple Grandin ta Amurka ta lura da abubuwan da ke firgita shanu, kamar inuwa, sarƙa mai reto, ƙyallin ruwa a ƙasa, ta tsara lanƙwasassun hanyoyi masu rufaffen gefe da shanu ke bi a natse ba tare da duka ba. Manyan mayanku da dama sun ɗauki tsarinta. Mutum yana iya ƙin yarda da hukuncin Dominion, ya kuma yarda cewa abin da kyamarar ta ɗauko ya faru.

Abin da ya shafe mu

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙur'ani, a Suratul An'am, ya bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar mu. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya wajabta kyautatawa a kan komai, har da yanka, ya umarci a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Abu Dawud ya ruwaito labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya tsawata wa mai shi saboda barin sa da yunwa da kuma wahalar da shi. Ya kuma ruwaito labarin tsuntsuwar da aka ɗauke wa 'ya'ya biyu, ta zo tana kaɗa fiffike, aka umarci a mayar mata da su. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam: a ciyar da ita ko ta tsufa ta daina amfani, kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, a gyara mata makwanci, kada a yanka ɗanta tana kallo. Littafin Karin Magana na Baibul ma ya sanya kula da ran dabba cikin alamomin mutum adali.

A aikace ma muna da abin alfahari. Bafulatani ya san kowace saniya a garkensa da kamanninta da zuriyarta, yana kiran ta tana amsawa. Matan da ke turka ragon layya suna tashi da asuba su jiƙa dusa, su zuba harawa, su yi masa wanka. Dabbarmu ba ta ɓace daga idonmu ba tukuna.

Amma gani kullum shi ma yana kashe zuciya. A je kara ranar kasuwa a kalli yadda ake lodin tirela. Ana ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, a cusa shanu har wani yana kan wani, wanda ya ƙi tashi a murɗe masa wutsiya ko a zuba masa sanda a fuska. Daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Illela zuwa Legas tafiya ce ta kilomita 1,000 ko fiye, kuma dabbobi da yawa suna yin ta cikin rana ba ruwa ba abinci. Wanda ya faɗi a hanya sai a yi sauri a sa masa wuƙa kada ya zama mushe. A kalli kaji ɗaure da ƙafa, kai a ƙasa, suna reto a bayan babur, baki buɗe. A kwata kuma akan kayar da sa a yanka shi a gaban wanda ke jiran layi, kuma likitocin dabbobi a jami'o'inmu sun sha rubutu a kan yawan shanu masu ciki da ake yankawa. Dokokin laifuka na Najeriya, na Arewa da na Kudu, duk sun haramta zaluntar dabba, amma da wuya a ji an gurfanar da wani.

A lokaci guda, tsarin da waɗannan fina-finai suka tona yana shigowa. Gidajen gonar kaji suna ƙaruwa a kewayen Kano da Kaduna da Jos da Ibadan, kuma irin kejin da Turai ta hana tun 2012 shi ake kafawa a wurare da dama. Jama'a na ƙaruwa, yara na buƙatar ƙwai da nama, babu mai hankalin da zai ce a tsayar da kiwon zamani. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙasashen da suka riga mu sun gina tsarin ne da farko, sannan suka shafe shekara 50 suna ƙoƙarin gyara shi da tsada. Mu muna da damar sanya ƙa'ida kafin a zuba siminti.

Akwai aiki a gaban kowa. Hukumomi su kafa wuraren shayar da dabbobi a manyan hanyoyi, su ƙayyade lodi, su tabbatar likita ya duba dabba kafin yanka. Sarakunan fawa da shugabannin kara su hana duka da yanka a gaban 'yar'uwa, domin maganarsu ta fi ta ɗan sanda tasiri a wurin. Malamai, idan layya ta matso, su haɗa bayanin shekarun rago da lafiyar idonsa da bayanin haƙƙinsa a mota da turke. Masu shirya fina-finai a Kano da Kaduna da Yamai, waɗanda ke da kyamara da basira, su bi saniya ɗaya daga ruga zuwa kwata su nuna mana da harshenmu, da adalci ga makiyayi da direba da mahauci, kafin wani ya zo daga waje ya nuna mu yadda ya ga dama.

Kai kuma mai karatu, wuƙa da bismilla suna halatta maka naman, amma ba sa goge yunwa da ƙishi da dukan da dabbar ta sha kafin ta iso hannunka. Idan ka sayi kaza, ka riƙe ta kai a sama. Idan ka ɗauko rago, ka ba shi inuwa da ruwa, ka wasa wuƙarka inda ba ya gani. Dabba amana ce, kuma za a tambaye ka yadda ka riƙe ta.